Yadda Littattafai Suka Sake Fasalin Bikin Kirsimeti a Ƙarni na 19

Bikin Kirsimeti, wanda Kiristoci ke yi ranar 25 ga Disamba domin tunawa da haihuwar Yesu Almasihu, tsohon biki ne, domin akwai rubutacciyar shaida cewa tun shekarar 336 cocin birnin Rum yake kiyaye wannan rana. Amma kamannin da duniya ta san bikin da su a yau, wato iyali su taru a cikin gida kusa da murhu, a kafa bishiya a yi mata ado da fitilu, a gaya wa yara cewa wani dattijo mai farin gemu zai kawo musu kyauta cikin dare, a kuma ɗauki ranar a matsayin lokacin da mai hali ya kamata ya tuna da marar hali, ba su wuce shekara ɗari biyu da 'yan kai da haɗuwa wuri guda ba. An harhaɗa su ne a ƙarni na 19, galibi a biranen New York da Landan, kuma marubuta sun fi malaman coci da sarakuna hannu a cikin aikin. Hanyar da suka bi kusan ɗaya ce: kowannensu ya siffanta biki kamar wanda aka gada kaka da kakanni, alhali ya ƙara na ƙarawa ya rage na ragewa, masu karatu kuwa suka mayar da siffar abin koyi, har bayan tsara ɗaya ko biyu ya zamana ba mai iya bambance abin da aka gada da abin da aka karanta.

A Ingila ta zamanin da noma ne sana'ar akasarin jama'a, kwana 12 ake yi ana bikin, daga 25 ga Disamba zuwa jajiberen 6 ga Janairu. Lokacin ya faɗo a tsakiyar hunturu, aikin gona ya tsaya cak, an yanka dabbobin da ba za a iya ciyarwa har sanyi ya wuce ba, giyar da aka dafa bayan girbi kuma ta nuna, saboda haka nama da abin sha sukan wadata fiye da kowane lokaci na shekara. A gidajen manya akan naɗa ɗaya daga cikin barori sarkin shagali na 'yan kwanaki, ya riƙa ba iyayengijinsa umarni ana dariya. Talakawa kuma, musamman samari, sukan bi gidajen masu ƙasa ƙungiya-ƙungiya suna waƙa suna yi wa maigida fatan alheri, shi kuwa al'ada ta ɗora masa buɗe ƙofa ya ba su ci da sha. Wanda ya san tashe a ƙasar Hausa zai gane tsarin, sai dai na Ingila na manya ne, akwai buguwa a cikinsa, kuma wasu waƙoƙin sukan ƙare da barazana ga wanda ya hana. Biki ne na titi da ƙofar gida, wanda ya rataya a kan dangantakar ubangida da bara, yara kuwa ba su da wani matsayi na musamman a ciki.

Wannan hali ne ya sa 'yan Furitan, wato ɓangaren Furotesta masu son tsarkake coci daga duk abin da ba su samu a Littafi Mai Tsarki ba, suka ɗaura yaƙi da bikin, suna kafa hujja da cewa littafin bai faɗi ranar haihuwar Almasihu ba, kuma abin da ake aikatawa da sunanta ya fi kama da shashanci. A watan Yuni na 1647 majalisar dokokin Ingila, wadda suke da rinjaye a cikinta, ta soke bukukuwan Kirsimeti da Ista, abin da ya jawo tarzoma a birnin Canterbury a watan Disamban wannan shekara, kuma dokar ba ta faɗi ba sai da aka mayar da sarauta ga Sarki Charles na Biyu a 1660. A ƙetaren teku, hukumar Massachusetts ta sa tarar sule 5 a kan duk wanda aka kama yana bikin, daga 1659 zuwa 1681. Abin da doka ta fara, masana'antu suka ƙarasa: da jama'a suka baro ƙauyuka suka cika birane, mai masaƙa bai ga dalilin kashe injinsa kwana 12 ba, mai ƙasar da zai buɗe ƙofa kuma an baro shi a karkara. A 1834 Bankin Ingila ya rage ranakun hutunsa zuwa huɗu kacal a shekara, Kirsimeti na cikinsu, amma yini ɗaya ne tak.

Marubuci na farko da ya shiga wannan giɓi Ba'amurke ne, Washington Irving, haifaffen New York a 1783. A 1809 ya fitar da A History of New York, tarihin barkwanci da ya jingina wa wani ƙagaggen tsoho jikan mutanen Holan mai suna Diedrich Knickerbocker, inda ya mayar da Waliyyi Nikolas majiɓincin birnin. Shi wannan Nikolas bishop ne na garin Myra, a kudancin ƙasar Turkiyya ta yau, ya rayu a ƙarni na 4, ya shahara da kyauta a ɓoye, kuma a Holan akan ba yara kyauta da sunansa a jajiberen 6 ga Disamba, suna kiransa Sinterklaas, sunan da ya rikiɗe ya zama Santa Claus a bakin Amurkawa. A bugun 1812 Irving ya ƙara wani mafarki inda aka ga waliyyin yana ratsa saman bishiyoyi cikin keken doki yana zuƙar lofe. Masanin tarihi Charles W. Jones ya nuna a 1954 cewa shaidar da ke akwai ba ta goyi bayan cewa mutanen Holan da suka kafa birnin sun riƙe wannan al'ada ba, kasancewarsu Furotesta masu ƙyamar girmama waliyyai, don haka abin da aka daɗe ana ɗauka gadon Holan ne a New York, mafi yawansa daga alƙalamin Irving da abokansa na ƙungiyar tarihin birnin ya fito.

Aikinsa na biyu ya fi wannan tasiri. A cikin The Sketch Book, wanda ya fito kashi-kashi tsakanin 1819 da 1820 yana zaune a Ingila, akwai maƙaloli biyar da suka siffanta Kirsimeti a wani ƙagaggen gidan mai ƙasa da ake kira Bracebridge Hall: katafaren gungumen da ake cinna wa wuta a jajibere, koren ganye a jikin bango, mawaƙa a ƙarƙashin taga da dare, dangi na kusa da na nesa a tebur ɗaya. Abin lura shi ne Irving bai ɓoye cewa bikin farfaɗowa ne ba, domin maigidan daga tsofaffin littattafai yake tono al'adunsa, kuma labarin ya faɗi cewa ya taɓa gwada buɗe ƙofa ga kowa da kowa yadda ake yi a da, sai mutanen karkara suka kasa sanin yadda ake wasan, mabarata suka cika gidan, dole ya taƙaita gayyar. Masu karatu ba su tsaya kan wannan ba. Ɗumin murhu da cikar tebur suka riƙe, kuma cikin waɗanda suka riƙe har da Charles Dickens, wanda ya yi musayar wasiƙu da Irving a 1841 ya kuma sadu da shi a New York a 1842.

Ranar 23 ga Disamba, 1823, jaridar Troy Sentinel ta jihar New York ta buga wata waƙa mai ɗango 56 ba tare da sunan mawallafi ba, mai taken A Visit from St. Nicholas. Daga baya aka danganta ta ga Clement Clarke Moore, malamin harsunan Ibrananci da Girkanci a wata makarantar horar da limaman coci a New York, wanda ya sa ta cikin kundin waƙoƙinsa a 1844, ko da yake zuriyar Henry Livingston sun daɗe suna cewa ta kakansu ce. Ko ta wane ne, waƙar ce ta kafa abubuwan da yaran ƙasashe da dama suka haddace: ziyarar a jajiberen Kirsimeti take maimakon 6 ga Disamba, baƙon yana zuwa cikin amalanken da ake ja a kan ƙanƙara, barewar ƙasashen sanyi guda takwas ke jan sa kowace da sunanta, yana saukowa ta bututun hayaƙi jikinsa duk toka, ya cika safar da yara suka rataye, ya koma ta inda ya shigo. An tuɓe masa rigar bishop an sa masa ta gashin dabba, an ba shi tumbi da fara'a, an kuma ƙwace masa tsumagiyar da wani ɗan littafin yara na 1821 ya ba shi domin masu ƙiriniya. Stephen Nissenbaum, a littafinsa The Battle for Christmas na 1996, ya jawo hankali ga abin da ke ƙarƙashin wannan siffa: a New York ta lokacin gungun matasa sukan kwana suna buga gwangwani da busa a unguwannin attajirai, don haka hayaniya a ƙofar gida cikin daren Disamba abin tsoro ce ga maigida, sai waƙar ta kawo baƙon dare mai kama da ɗan koli, wanda ya shigo bai nemi komai ba, bayarwa ma ya yi. Ta haka wajibin kyauta ya tashi daga kan bara da maƙwabci matalauci ya koma kan 'ya'yan cikin gida. Mai zane Thomas Nast ya ɗora daga nan a mujallar Harper's Weekly tun daga Janairun 1863, shi ne kuma ya yaɗa cewa gidan dattijon yana can ƙuryar arewacin duniya.

Littafin da ya fi kowanne nauyi a wannan tarihi damuwa ce ta haife shi. Dickens, wanda aka haifa a Portsmouth a 1812, yana da shekara 12 aka ɗaure mahaifinsa a kurkukun Marshalsea saboda bashi, shi kuma aka tura shi wata masana'antar man goge takalmi yana liƙa takarda a jikin kwalabe, abin da bai taɓa hucewa a kansa ba. A farkon 1843 ya karanta rahoto na biyu na hukumar binciken aikatau na yara, wanda ya bayyana yadda ƙananan yara ke wuni a masana'antu, ya yi niyyar rubuta ƙasida domin kare ɗan talaka, sannan ya fasa da tunanin cewa akwai hanyar da za ta fi ƙasida ratsa zuciya. A watan Satumba ya ziyarci makarantar Field Lane, ɗaya daga cikin makarantun sadaka na yaran da ke yawo cikin tsumma a Landan, ranar 5 ga Oktoba kuma ya yi jawabi a Manchester kan ilimin ma'aikata. Daga dawowarsa ya duƙufa, cikin mako shida ya kammala A Christmas Carol, kamfanin Chapman and Hall ya fitar da shi ranar 19 ga Disamba, 1843, kuma kafin jajiberen Kirsimeti kwafi 6,000 na bugun farko sun ƙare.

Labarin na wani marowacin ɗan kasuwa ne, Ebenezer Scrooge, wanda fatalwar abokin cinikinsa Jacob Marley ta ziyarta, sannan ruhohi uku suka zaga da shi Kirsimetin da ya wuce da na yanzu da mai zuwa, har ya ga kabarinsa ba mai kuka a kai, ya wayi gari ya tuba. Amsoshin da Scrooge ya ba masu neman taimakon gajiyayyu a farkon labarin ba Dickens ne ya ƙirƙire su ba, ra'ayoyi ne da ake ji a bakin masu faɗa a ji: cewa akwai kurkuku da gidajen aikin gajiyayyu da haraji ke ɗauke da su, kuma mutuwar matalauta za ta rage cunkoso. Gidajen aikin nan dokar talakawa ta 1834 ce ta yawaita su, an kuma tsananta zama a cikinsu da gangan, ana raba miji da mata da 'ya'ya, domin kada kowa ya nemi agaji sai wanda ya rasa yadda zai yi. Maganar cunkoso kuwa daga nazarin Thomas Malthus na 1798 ta samo tushe. A gaban wannan ra'ayi Dickens ya ajiye gidan akawun Scrooge, Bob Cratchit, mai albashin sule 15 a mako da 'ya'ya shida, ƙaraminsu gurgu. An kai dinyar da za su ci gidan mai burodi an gasa, domin irin gidajensu ba su da tanda. An dafa curin alkaki mai 'ya'yan itace a cikin tukunyar da ake tafasa kayan wanki, har ya fito yana ƙanshin ɗakin wanki. Uwar gida ta caɓa ado da ƙyallayen kwabo shida a kan tsohuwar riga da aka juya sau biyu. Kofunan gidan gaba ɗaya uku ne, ɗaya ma ba mariƙi. Wannan shafi ne ya koya wa miliyoyin mutane cewa Kirsimeti na kowane gida ne, ba sai mai ƙasa da zaure da barori ba, kuma yini ɗaya da tebur ɗaya sun isa.

Shi kansa littafin an yi masa ado irin na kyauta, da bango mai launin ja-ja, da ruwan zinariya a gefen takardu, da zanen John Leech guda takwas, huɗu daga ciki an shafa musu launi da hannu. Dickens ya nace a sayar da shi sule 5 domin ya yi araha, amma ko hakan sulusin albashin Bob Cratchit ne na mako, wanda ke nuna cewa masu matsakaicin hali ne suka fara karanta shi. Tsadar bugun ta cinye riba, ya samu fam 230 inda ya sa ran fam 1,000, kuma da ya kai ƙarar wasu da suka saci labarin suka buga a Janairun 1844, ya yi nasara amma suka ce sun karye, kuɗin shari'a kimanin fam 700 ya dawo kansa. Ta wasu hanyoyi labarin ya isa ga talakawa: kafin ƙarshen Fabrairun 1844 gidajen wasan kwaikwayo takwas na Landan suna nuna shi, sannan daga 27 ga Disamba, 1853, a babban ɗakin taro na Birmingham, Dickens ya fara karanta shi da bakinsa a gaban jama'a, ya kuma roƙi a keɓe dare guda ga ma'aikata a kan kuɗi kaɗan. Ya ci gaba da wannan karatu a Biritaniya da Amurka har 15 ga Maris, 1870, wata uku kafin rasuwarsa.

Ba daidai ba ne a ce Dickens ne ya ƙago Kirsimetin zamani shi kaɗai, kamar yadda akan faɗa. Davies Gilbert a 1822 da William Sandys a 1833 sun riga sun tattara tsofaffin waƙoƙin bikin sun buga; a shekarar 1843 ɗin nan Henry Cole ya sa aka buga katin gaisuwar Kirsimeti na farko, kwafi 1,000, bayan da aika wasiƙa ya koma kwabo ɗaya a 1840; kuma babu bishiyar Kirsimeti ko Santa Claus a cikin labarin Scrooge, shiga coci ma a gefe aka ambace ta. Abin da Dickens ya ƙara shi ne ma'ana: ya ɗaure ranar da tausayi da sulhu tsakanin dangi, ya mayar da hana ma'aikaci hutu abin kunya, har sunan Scrooge ya zama laƙabin duk marowaci a Turanci. Talo-talon da Scrooge ya aika gidan akawunsa bayan ya tuba ya taimaka wajen ɗaga darajar wannan tsuntsu a kan dinya, marubuci William Thackeray kuwa ya bayyana littafin a 1844 a matsayin alheri ga ƙasa baki ɗaya. Sai dai a nan ne ya kamata a auna abin da aka ɗauka da abin da aka bari. A tsakiyar labarin ruhu na biyu ya buɗe rigarsa ya nuna yara biyu ramammu, namiji da mace, Jahilci da Rashi, ya yi kashedi cewa halaka na tattare da su idan aka ƙyale su, kuma saboda waɗannan yara aka rubuta littafin. A ƙarshensa ma Scrooge bai tsaya ga talo-talo ba, ya ƙara wa akawunsa albashi. Al'ada ta riƙe liyafar da sadakar yini ɗaya ƙam-ƙam, ta yi sakaci da batun albashi da makaranta, wanda ba ƙaramar asara ba ce ga manufar marubucin. George Orwell ya lura a 1940 cewa Dickens gyaran zuciya yake nema fiye da gyaran tsari, kuma tarihi ya nuna iyakar hakan: dokar ilimin firamare ta Ingila ba ta zo ba sai 1870, tsarin gidajen aikin gajiyayyu kuwa ya kai 1930 kafin a soke shi.

Dickens ya biyo da wasu littattafan Kirsimeti huɗu tsakanin 1844 da 1848, sannan mujallunsa, Household Words da All the Year Round, suka riƙa fitar da bugu na musamman kowace Disamba, inda marubuta irin su Elizabeth Gaskell suka ba da labaran fatalwa, har karanta irin waɗannan labarai a jajibere ya zama al'adar da M. R. James ya ci gaba da ita a jami'ar Cambridge. Dusar ƙanƙara ma ta hannun Dickens ta kafu. Shekarun yarintarsa suna cikin mafi tsananin sanyi da Ingila ta gani cikin fiye da ƙarni guda, har a Fabrairun 1814 kogin Thames ya daskare aka kafa kasuwa a kansa aka ratsa da giwa, kuma wannan ne karo na ƙarshe da aka yi hakan. Da ya girma sai ya lulluɓe Kirsimetin littafinsa The Pickwick Papers da na Scrooge da ƙanƙara, alhali a kudancin Ingila ba safai take zuba ranar 25 ga Disamba ba. Littattafan da katunan gaisuwa suka ɗauki wannan yanayi suka kai shi inda bai taɓa zuwa ba: Ostireliya da Afirka ta Kudu, inda Disamba tsakiyar zafi ce, da garuruwa irin su Jos da Kaduna da Kafanchan, inda akan ga bishiyar roba an yafa mata auduga a madadin ƙanƙara alhali hazon hunturu ne a waje. Hutun 26 ga Disamba da ake yi a Nijeriya shi ma gadon Biritaniya ne, inda dokar hutun bankuna ta 1871 ta tabbatar da shi, ko da yake ginshiƙin bikin a wajen Kiristocin Arewa nasu ne na gida: komawa garin haihuwa, sabon ɗinki, sujada a coci, da rabon shinkafa da nama ga maƙwabta, Musulmi da Kirista.

Bishiyar daga ƙasashen masu jin Jamusanci ta fito, inda aka ambace ta a birnin Strasbourg tun 1605, kuma adabi ya share mata hanya kafin ta bazu. Goethe ya ambace ta a The Sorrows of Young Werther a 1774, amma wanda ya zana ta sosai shi ne E. T. A. Hoffmann a tatsuniyarsa ta 1816 game da wani ɗan mutum-mutumin katako mai siffar soja, wanda ake fasa ƙwaya mai taurin ɓawo da haƙoransa, da yaƙinsa da sarkin ɓeraye. Labarin ya buɗe da yara biyu, Fritz da Marie, an hana su shiga falo wuni guda, suna rakuɓe a ɗakin baya har duhu ya shiga suna raɗe-raɗin abin da za a ba su, sai aka kaɗa ƙararrawa, ƙofa ta buɗe, ga bishiya cike da kyandirori da tuffa masu ruwan zinariya da azurfa da alewa. A Ingila hoton Sarauniya Victoria da mijinta Albert, wanda Bajamushe ne, tsaye da 'ya'yansu a gaban bishiya, wanda jaridar Illustrated London News ta buga a 1848, shi ya sa gidaje suka kwaikwaya. Mujallar Godey's Lady's Book ta Amurka ta sake buga shi a 1850 bayan ta cire kambin sarauniya da gashin bakin mijinta domin su yi kama da iyalin Amurka. Tatsuniyar Hoffmann kuwa, ta hanyar sassauƙar sigar da Alexandre Dumas ya yi da Faransanci a 1844, ta zama rawar bale, wato wasan da ake ba da labari da kiɗa da rawa ba tare da magana ba, wadda Tchaikovsky ya tsara wa kiɗa aka fara nunawa a St. Petersburg a Disambar 1892. Ba ta yi wani armashi a lokacin ba, sai da kamfanin bale na San Francisco ya nuna ta a 1944, George Balanchine kuma a New York a 1954, sannan kallonta ya zama al'adar kowace Disamba a Amurka.

A Rasha ne aka fi ganin ƙarfin waɗannan ƙagaggun mutane, domin a can sun rayu bayan an kawar da bikin da ya ɗauke su. Ded Moroz, wato Kaka Sanyi, a tatsuniyoyin gargajiya halitta ce mai ban tsoro da ke daskarar da matafiya, sai Vladimir Odoevsky ya tausasa shi a labarinsa na 1841 ya mayar da shi dattijo mai saka wa yarinya mai ƙwazo. Snegurochka, yarinyar ƙanƙara, ta shahara ne ta wasan kwaikwayon Alexander Ostrovsky na 1873, inda take 'yar Sanyi da Bazara, wato lokacin narkewar ƙanƙara, kuma wasan ba shi da wata alaƙa da Kirsimeti. Gwamnatin Tarayyar Sobiyet ta mayar da Kirsimeti ranar aiki a 1929, ta kuma yaƙi bishiyar a matsayin alamar addini da ta masu dukiya. Amma ranar 28 ga Disamba, 1935, jaridar Pravda ta buga wasiƙar wani jigon jam'iyya, Pavel Postyshev, yana kira da a kafa wa 'ya'yan ma'aikata bishiya domin sabuwar shekara, cikin 'yan kwanaki kuwa aka fara sayar da ita a kasuwannin Mosko. An ɗora jan tauraro a samanta a madadin tauraron Baitalami, kuma a Janairun 1937, a babban bikin yara da aka yi a Gidan Ƙungiyoyin Ƙwadago na Mosko, Ded Moroz ya fito tare da Snegurochka, wadda tun daga nan ake ɗauka jikarsa ce. An dawo da hutun Kirsimeti a Rasha a 1991, ana yin sa ranar 7 ga Janairu bisa tsohuwar kalandar cocin Otodoks, amma bishiya da kyauta da babbar liyafar iyali sun ci gaba da zama a daren 31 ga Disamba.